Audugar Gidan Mama Rifkatu

Ko hanyar makaranta ban gama ganewa ba a Greensboro, can ƙasar Turawa inda na je karatu, aka watso mini kayana waje. Wanda ya jawo mini wannan kuwa ɗan gida ne, wani Malam Sabo da aka haɗa ni da shi ta waya tun ina Funtuwa. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi, da hularsa da carbinsa, ya kai ni wani ɗaki a saman bene a bayan titin Gate City Boulevard, ya karɓi abin da zai karɓa, ya ce in saki jiki, nan gida ne. Ni kuma na saki. Ashe ɗakin na wani ɗalibi ne da ya tafi hutu ya bar masa makulli. Ranar da mai ɗakin ya dawo, ya tarar da ni ɗaure da zani ina soya albasa a tukunyarsa. Na kira Malam Sabo, waya a kashe. Daga baya na ji wai ya koma wata jiha, can ma yana taimakon baƙi.

Tun daga ranar na daina yarda da fara'a. Duk wanda ya yi mini murmushi sai in tsaya in ji me zai biyo baya.

Daga nan sai Sedgefield, gidan wani malamin jami'a ɗan Katsina da matarsa Anti Bilki. Unguwa ce ta masu hali, shiru kamar an yi rasuwa, ga filin wasan golf kore shar a gefe. Suka ba ni doguwar kujerar falo. Ba su rage ni da abinci ba, hakkinsu ne in faɗa. Sai dai ba a jima ba gaisuwar Anti Bilki ta safe ta samu jela: "An tashi lafiya, Sa'adatu? Ya gajiya? Ya maganar ɗaki?" A kan kujerar nan nake kiran gida. Mijina, Baban Ummi, ya ce in yi haƙuri, karatu ya kai ni. Inna ta ɗago mini Ummi a waya, yarinyar da na yaye da hannuna, ta dube ni ta ɓuya a bayan kakarta, ta ce wai a gaida Anti. Na yi kuka ranar, a banɗaki, na buɗe famfo don kada a ji.

A wani shagon kayan miyar gida a Gate City na gamu da Mama Rifkatu. Ina sunsunar daddawa sai na ji an ce a bayana, da Hausa garau, "Wannan ta kwana biyu, 'yata. Ɗauki ta ƙasa." Na juya na ga dattijuwa gajera mai furfura, sanye da kayan asibiti. 'Yar Filato ce, nas, ta fi shekarun haihuwata a ƙasar. Kafin mu kai wurin biya ta gama tatse labarina, ta kuma ce akwai ɗakin autarta da ta yi aure, babu kowa ciki, in zo in zauna a kan ɗan abin da zan iya. Asibitin da take aiki ba nisa da makarantarmu, za ta riƙa sauke ni. Abin ya yi kyau da yawa, shi ya sa bai kwanta mini ba.

Da na gaya wa Anti Bilki ta taɓe baki. "Kirista ce fa. Ni dai ban ce komai ba, amma ki buɗe idonki." Ba ta dai ce in zauna ba, har jaka ta ara mini.

Pleasant Garden, inda gidan Mama yake, ƙauye ne, komai Turancin sunansa. Gida nan, gida can, tsakaninsu fili da itatuwa, babu bas, babu mai tafiya a ƙasa sai barewa. In ba ka da mota ka zama kayan ɗaki. Ruwansu ma daga rijiyar burtsatsen gidan yake fitowa. Na tsaya a ƙofa da jakar aro na gane cewa in aka kore ni daga nan, ko hanyar tafiya ba ni da ita, balle wurin zuwa.

Maigidan, Baba Istifanus, tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye aiki, dogo, marar yawan magana. Bai ɓoye mini ba cewa shi bai so a sa kowa a ɗakin ba. Ya zaunar da ni a falo ya ce sun taɓa ɗaukar wata, ta mai da musu gida tasha, ya sallame ta. "Ni ba na maimaita magana. Ba baƙi maza, ba kunna wuta a ɗaki, ko turaren wuta. Sannan masai, ban da takardarsa kada a jefa komai a ciki. Nan ba cikin gari ba ne, sokawe gare mu a bayan gida. Kika karya ɗaya, jakarki ba ta da nauyi, na gani."

Na ce, "To, Baba."

Mama ta kai ni banɗakina ta nuna mini wani ɗan kwandon shara mai murfi, fari, sabo fil. Ta rage murya ta ce, "Wannan na kayanmu na mata ne. In lokacinki ya zo ki zuba nan. Kada ki damu da kwashewa, ni nake haɗa sharar gidan nan."

Nan gabana ya faɗi. Wanda bai tashi inda na tashi ba ba zai gane dalili ba. Ranar da na fara al'ada, Inna ta ja ni bayan ɗaki ta gaya mini magana ɗaya da ba ta taɓa sassautawa a kanta ba: jinin mace ba ya shiga hannun wani. Ƙunzugun tsumma ne, a wanke shi a shanya inda ido ba ya kaiwa. Audugar kanti ce, ita ma a wanke ta tas, sannan a ƙona, ko a jefa masai inda ba mai iya cirowa. Mun tashi muna jin labarin masu bin bola suna tsintar audugar mata, da matan da aka ce an rufe musu mahaifa ta haka. Na yi digiri a fannin noma, na san abin da littafi zai ce a kan wannan. Amma littafi bai haife ni ba. Ga ni da 'ya ɗaya tal, ina son ƙari, ga wata baƙuwa da ta tsince ni a shago, ta ba ni ɗaki kusan kyauta, ta saya mini kwando na musamman, ta ce ita za ta riƙa kwashewa da hannunta. Sai na ga kamar na gano abin da ke biyo bayan murmushin.

Dokar Baba ta masai ma sai na ɗauke ta a haɗin baki: an hana wuta, an hana masai, saura kwando. Na ce a raina, ai kuwa kun makara. In lokacina ya zo sai in kulle ƙofa, in wanke audugar har ta yi fari, in yayyanka ta da almakashi, in kora da ruwa kaɗan kaɗan. A ɗakin Gate City haka na yi, ban ga abin da ya faru ba. Kwandon Mama kuwa ya zauna fes kamar ranar da aka sayo shi.

Ban da wannan, zaman ba laifi. Da sassafe muke fita, ita tana tuƙi tana bin waƙoƙin cocinsu na Hausa, ni ina azkar a gefenta, babu mai takura wa wani. Ta ware mini tukwane, ta daina shigo da naman alade gidan ba tare da na roƙa ba. Ran Asabar takan yi gwate, in ci har in ji kunya. Duk alherin da ta yi sai in karɓa da hannu biyu, in kuma ajiye shi a gefen zuciyata ina jujjuyawa.

Wata safiya a mota ta rage sautin waƙar ta ce, "Sa'adatu, ban taɓa ganin komai a kwandon nan naki ba. Lafiya dai? Ko da tsaraba kika taho daga gida?"

Wato dubawa take yi. Na ce, "Lafiya lau, Mama. A makaranta nake zubarwa."

"To, madalla. Ni dai nas ce, ido ne ya saba."

A lokacin kuma jikina ya fara ba ni matsala. Audugar da nake saye mai araha ce, daga shagon kayan rahusa, mai ƙamshin turare kamar sabulun wanka. Ga zafin garin mai ɗanko, ga yini guda a ɗakin gwaji da gonar makaranta cikin wando mai kauri. Ƙaiƙayi ya fara, ya koma ƙuraje, wurin ya saɓule. Ko fitsari zan yi sai na cije leɓe. Ban gaya wa kowa ba, wa zan gaya wa? Amma tafiya ta tona ni. Ina shigowa kicin wata yamma Mama ta bi ni da kallo tun daga ƙofa har na zauna a gefen kujera.

"Wace iri kike amfani da ita?"

Na sunkuyar da kai.

"Mai ƙamshi ce, ko? Na sani. Roba ce kike ɗaurawa yini guda, 'yata, roba da turare. Fatar wurin ba ta son wasa." Ta shiga ɗakinta ta fito da kwali biyu. Ɗaya audugar shimfiɗawa ce irin wadda na sani. Ɗayan kuwa wasu 'yan abubuwa ne farare kamar alli, kowanne da zare a gindi, waɗanda ake sawa ciki, tamfon. "Duka biyun auduga ce zalla, oganik. Ba turare, ba roba, tun daga gona ba a yi mata feshin guba ba. Ranar da za ki yini a tsaye ki sa wannan, fatarki ta sha iska ta warke."

Dariya ta kusa ƙwace mini. Ni za a gaya wa auduga? Babanmu manominta ne. A cikinta na tashi, na tsince ta har yatsuna suka farfashe. Na san yadda yake goya tankin feshi tun tana ƙarama har ta fashe, ya dawo ido jajir yana tari, fatar bayansa na ɗayewa. Na san rafin da yake wanke tankin, inda kwaɗi ke tasowa ciki sama. Na ce, "Mama, audugar da ba a yi wa feshi ba, tsutsa ce ke girbe ta."

"Ana yi, wahala ce da ita, shi ya sa take da tsada. Ke da kike karatun noma, je ki tambayi malamanku. Kuma abin da kika taɓa ce mini kin gani a jikin babanku, shi ne dalilin. Mai noman ma mutum ne, rafin ma na mutane ne." Ta turo mini kwalayen. "Amma ki ji da kyau, ba magani ba ce. Ta cikin nan in aka bar ta ta daɗe tana kawo zazzaɓi mai kisa, oganik ko ba oganik ba. Wayarki ba tana kiran sallah ba? Ko ba kya yi, duk ta kira ki canza. In za ki kwanta barci ki sa ta shimfiɗawa."

Na yi godiya har da rusunawa, na kai ɗaki na tura ƙarƙashin gado. Abin da ake sawa cikin jiki, kyauta, a ƙasar Turawa, daga hannun matar da ke leƙa kwandona. A garinmu ko ƙwayar ciwon kai aka raba kyauta sai an tambaya ko ta hana haihuwa ce. Na dai zaro guda ɗaya na warware ta a kan cinyata, na ja silin, na murza. Auduga ce, ba ƙarya, har da ɗan tsawon sili mai kyau. Na farke irin tawa don in gwada, na tarar da leda a ƙasa, wata leda mai ƙofofi a sama, a tsakiya wani gari da ke zama kamar kamu in ya sha ruwa. Na daɗe ina kallonsu. Sannan na ce a raina, auduga ma ai ana iya jiƙa ta da wani abu.

Da ciwon ya kai ba na iya zama a aji, na je asibitin makaranta. Wata baƙar fata mai yawan fara'a ta duba ni, ta ba ni man shafawa, ta ce in bar duk wani abu mai turare, in nemi auduga zalla. Kusan kalma da kalma abin da Mama ta ce. Har na tambaye ta ko ta san wata nas Rifkatu. Ta ce ba ta sani ba. Ban gama yarda ba, amma ciwo ya fi ni baki. Na shiga wani babban kanti da kaina, na zaɓi kwali irin na Mama daga can ƙarshen layi, na duba ba a taɓa buɗe shi ba, na biya ina jin zafin tsadar.

Ranar farko da na sa tamfon na fi awa guda a banɗaki ina karanta takardar ina addu'a, ina tunanin in zaren ya tsinke wa zan kira. Bai tsinke ba. Na yini a gonar makaranta ina sunkuyo ina miƙewa, har na manta da shi sai da wayata ta kira azahar. Wata bai zagayo sau biyu ba fatata ta koma daidai. Ban gaya wa Mama ba. Ta ga tafiyata ta miƙe, ta yi murmushi, ni kuma na ƙara tsuke fuska. Su ma sababbin, wankewa nake yi in kora.

Wata Asabar da hantsi, ina wanki, na ji masai yana wani gurnani. Ruwan wanka ya ƙi tafiya, ya dawo baƙi. Kafin azahar wari ya cika bayan gida, ciyawar wurin ta jiƙe ba ruwan sama. Na ga Baba tsaye a kai, hannu a ƙugu, yana waya. Na shiga ɗaki na jawo jakar aro na buɗe ta a kan gado, na tsaya ina kallonta, don ban san inda zan ce a kai ni ba.

Motar yashe sokawe ta zo, da wani Bature jibgege mai jan gemu. Baba ya ce kowa ya fito. Muka tsaya mu uku, mutumin ya tone ƙasa ya ɗaga murfin, ya sa wani dogon ƙarfe mai ƙugiya ya jawo matatar bakin bututun. Ya girgiza kai. Sai ya shiga zaro su yana zubewa a kan ciyawa. Yankakkun ledoji, tuli guda, har da fukafukansu masu gam, ko ɗaya bai ruɓe ba. Na farkon zuwana ma suna nan yadda almakashina ya bar su. A gefe ga 'yan dunƙulen auduga da suka kumbura suka fara zagwanyewa, zare na reto. Abin da na yi wata da watanni ina ɓoye wa mace ɗaya, ga shi a rana tsaka a gaban maza biyu. Mutumin ya ce da Turanci, duk mai jefa waɗannan ya daina, ko audugar ma ba nan ne wurinta ba.

Baba bai dubi tulin sau biyu ba. Ni ya duba. Na ga bakinsa ya fara motsi, na kuma san abin da zai fito.

"Nawa ne," in ji Mama.

Baba ya juya a hankali. "Naki?"

"Nawa. Mantuwa na yi."

Matar nan jikarta ta fari tana jami'a. Kanta fari fat. Baba ya cire tabarau ya goge da gefen riga ya mayar. "Rifkatu, yaushe rabon da..."

"Baban Dauda! A gaban baƙo za ka tambaye ni wannan? Da girmanka?" Ta juya ga Baturen ta maimaita masa da Turanci cewa nata ne, tana kallonsa ido cikin ido. Jan gemun ya rasa inda zai sa fuskarsa, ya ce, "Yes, ma'am," ya koma kan injinsa. Baba ya dubi matarsa, ya dubi sama, ya yi ƙwafa, ya bi mutumin wajen mota.

Da motar ta tafi, Baba ya shige gareji ya rufo ƙofa. Mama ta fito da safar hannu ta asibiti da baƙar leda, ta durƙusa gaban tulin. Ban san lokacin da na yi tsalle na riƙe mata hannu ba.

"Kada ki taɓa!"

Da ƙarfi na faɗa, ni da kaina na tsorata da muryar. Ta tsaya da hannu a sama. Ta dube ni, ta dubi tulin, ta ɗan karkata kai ta ƙara dubawa da kyau.

"Wanke su kike yi kafin ki jefa," ta ce a hankali. "Shi ya sa kika yanka. Uwata ma haka ta koya mini. Mu a bayan dutse muke binnewa, kowace da wurinta, ko 'yar'uwarki ba ta sani ba. Na zo ƙasar nan na daɗe ina yi, har na gaji na bari." Sai na ga fuskarta ta sauya, kamar yanzu lissafin ya haɗu. "Tsaya. Kwandon nan. Sa'adatu, ni kike tsoro?"

Na sakar mata hannu.

Ta zauna daɓas a kan ciyawa, dattijuwa da ita, ta zare safar ɗaya bayan ɗaya. "Kullum ina ɗauke da ke a mota, kina gefena kina jan carbi. Ashe da ni kike. Na ce ko ciki ne da ke kina jin kunyar faɗa, har na fara tunanin likitar da zan kai ki." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Me zan yi da jininki, 'yar nan? Wanda nake gani a asibiti bai ishe ni ba?"

Na so ƙasa ta buɗe in shige. Kunya ta kama ni, da tausayinta, amma ƙarya nake in na ce tsoron ya fita a take. Abin da aka dasa maka tun kana yaro ba ya fita don an yi maka alheri ranar Asabar. Na durƙusa na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Haka aka gaya mini."

"Na san haka aka gaya miki. Har da abin da aka gaya miki a kanmu na sani." Ta miƙo mini safar. "Sa. Ke za ki kwashe abinki. Raba su biyu."

Na raba, tana daga zaune tana nuna mini da baki. Ledojin ta ce in ɗaure da hannuna, ran Litinin ta biya da ni wurin zubar da shara na gari in jefa da kaina, in ga inda suka faɗa. "Waɗannan ko kin binne, jikokinki za su tono su yadda suke. Ki duba, duk zaman da suka yi a ramin nan ko gezau. Wannan kuwa," ta nuna 'yan dunƙulen, "daga ƙasa ta fito, ƙasa za ta cinye ta. Kafin baɗi ko ke ba za ki gane wurin ba, balle mai neman ki da sharri."

Ta dafa gwiwa ta tashi da ƙyar, ta ƙi karɓar hannuna. Ta je jikin gareji ta ɗauko wani ƙaramin shebur na shukar furanninta, ta nuna mini bayan filin, inda itatuwa suka yi duhu. "Daga nan har shingen can namu ne. Ki yi nesa da rijiya, ki haƙa da zurfi saboda dabbobi. Ba na son sanin wurin."

Ta juya za ta tafi. Jakata tana can buɗe a kan gado, ƙofar gareji kuma a rufe. Na ce, "Mama, Baba fa? Ya san ba naki ba ne."

"Ya sani mana, shi yaro ne? Amma na riga na faɗa a gaban baƙo. In ya kore ki ya ƙaryata matarsa ke nan." Ba ta juyo ba. "In kin gama ki wanke shebur ɗin ki ajiye a ɗakinki. Wata mai zuwa ma za ki neme shi."

Na ɗauki ƙullina na nufi itatuwan. Ƙasar wurin ja ce mai tauri, sai da na haɗa da hannu. Na zaɓi gindin wata bishiya, na fasa, na koma wata, na sake fasawa, don daga can ana hango gidan. Da na fara haƙa sai na waiwaya, hali ya ƙi bari. Mama tana tagar kicin, na ce a raina, to, ga shi nan. Sai na ga ta miƙa hannu ta ja labulen. Ta wuce falo ta ja na can. Ta shiga ɗakinsu ta ja, har da 'yar tagar banɗaki. Na tsaya da shebur a hannu ina kallon gidan ya juya mini baya gaba ɗaya, tsakar rana, hawaye na zuba a kan jar ƙasar. Na ƙara waiwayawa sau da yawa kafin in rufe ramin, ko ɗaya bai motsa ba.